Kafin Maigida Ya Shigo Da Ɗan Kwikwiyo

Yau maganar kare za mu yi a wannan fili namu. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan mace da kare, ai wannan sha'anin maharba ne da makiyaya." To, yi haƙuri ki ji. Maigida ne ke kawo kare, amma ke ce kike zuba masa ƙanzo, ɗanki ne kuma ke jan wutsiyarsa. In kuwa cizo ya auku da hantsi, sau da yawa ke kaɗai ce babba a gidan.

A ƙasarmu ta Wurno da Rabah da Goronyo kare ba baƙo ba ne. Fulani na bin garke da shi, 'yan farauta na fita da shi da rani, masu lambun albasa da tafarnuwa a fadamar Rima kuma na barinsa gadi. Tun da rashin tsaro ya addabi gabashin Sakkwato ma, na lura gidajen bakin gari da dama sun koma ajiye shi, domin haushinsa kan ta da mutane da dare. Malamanmu sun ce an yarda a ajiye kare saboda gona, ko kiwo, ko farauta. Amma ban taɓa jin malamin da ya halatta a bar shi da yunwa da ƙishirwa ba. Karen da ba a ba shi abinci a gida, juji zai nufa. Can yake gamuwa da karnukan da ba su da mai su, su yi faɗa, ya dawo miki da abin da ba ki aike shi ba.

In za a kawo ɗan kwikwiyo, kada a raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8. A yi masa wuri mai inuwa a waje, nesa da madafa da randa, a ba shi kaskonsa na abinci da na ruwa, kada su gauraya da kwanonin gida. Tuwo da ƙanzo da ɗan nama sun ishe shi, amma ki kiyayi zuba masa sauran miyar da ta ji albasa da tafarnuwa, gama suna lalata jinin kare. Mu da albasa ke arha a wurinmu, sai mu lura. Ƙashin kaza dafaffe kuma yakan tsage ya soke shi a maƙogwaro. A nemi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. A hana yara jifansa da hawansa, domin karen da ya tashi cikin duka shi ne ke zama mafaɗaci.

Babban abin dai shi ne allura. In ya kai wata 3 a kai shi asibitin dabbobi a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara. A karɓi takardar shaida a adana. Maganin nan ba sai an je Turai ba: ana yin sa a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. A Sakkwato kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin dabbobi.

Me ya sa nake matsawa haka? Domin ciwon haukan kare, in ya riga ya bayyana a jikin mutum, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Watau sa'o'in ɗalibaina ke nan, da 'yan matan da muke aikawa talla. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Ta wurin cizo take shiga, ta bi jijiya sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Nan ne yaudarar take. Miki ya warke, kowa ya manta, sai ran nan yaro ya kama zazzaɓi da firgita, a miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya, a ce iskoki ne.

Kada kuma ki ɗauka mahaukacin kare sai mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wanda kan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don cirowa.

Yanzu ga abin da za ki koya wa yara, ni ma haka nake koya musu a aji. In kare ya taso maka yana gurnani, kada ka ruga, gama gudu ne ke sa shi bi, kuma ba ka fi shi sauri ba. Tsaya cik kamar itace, hannuwa a jiki, kada ka zura masa ido, kada ka yi ihu. In ya lafa, ja da baya a hankali. In ya matso, a tare shi da abin da ke hannu, jakar makaranta ko farantin talla. In ya kada kai, dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannuwa. Kare mai cin abinci, da mai barci, da karya mai shayarwa, ba a taɓa su. Ki kuma gaya wa yaranki ba za ki doke su ba in sun faɗi gaskiya, domin yaro kan ɓoye cizo don tsoron faɗa.

To, in an yi cizon fa? Wasu kan ƙona gashin karen su barbaɗa, wasu su sa toka ko barkono. Wallahi duk ɓata lokaci ne. Ɗauko sabulun wankinki da buta, ki wanke wurin, ana kwarara ruwa, har minti 15 cur. Ki duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda kike zato tsawo. Wannan wankin na rage cutar ƙwarai. Ko karce ne kawai, ko kare ya lashi wani miki, haka za a yi. Kada a ɗaure wurin tam. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba. In babu allurar a kusa, a wuce Sakkwato, kada a jira kasuwa ta ci.

Iyayenmu na tuna allurai masu yawa da ake yi a ciki, shi ya sa wasu ke gudu. An bar wannan. Yanzu a dantse ake yi, ƙananan yara a cinya: ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da abin da likita ya ƙara. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska yake, akwai wata allura daban da ake yi a bakin mikin. Tun 1885 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara ceton yaro da irin wannan rigakafi. Mai ciki da mai goyo duka ana yi musu.

Shi kuwa karen, in na gida ne, ki roƙi maigida kada samari su bi shi da sanduna. A ɗaure shi, a ba shi ci da sha, a kira malamin dabbobi ya lura da shi kwana 10. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a sanar da ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan don awo. Amma allurar yaro ba ta jiran kwana goman nan, a ranar cizo ake fara ta.