Wasan Ces: Yadda Ake Gane Makomar Wasa Idan Bishop Biyu Mabambanta Launi Suka Rage

Allon darar Turawa, wato ces, yana da gidaje 64, rabinsu farare, rabi baƙaƙe. Bishop yana tafiya ne a karkace, don haka ba ya barin launin gidan da ya fara a kai har wasa ya ƙare. Idan aka zo ƙarshe kowane ɗan wasa na da sarki da bishop ɗaya da 'yan sojoji, bishop ɗin wannan na bin farare, na wancan na bin baƙaƙe, to dakarun biyu ba za su taɓa yin arangama ba.

Wannan ne ya sa irin wannan ƙarshe ya yi suna wajen tashi canjaras. Mai kare kai yakan girke sarkinsa a gaban sojan abokin hamayya, a gidan da bishop ɗin hamayya ba ya iya taɓawa, sannan ya riƙa kai da komo da nasa bishop. Saboda haka rinjayen soja ɗaya ba kasafai yake kai ga nasara ba.

Idan rinjayen ya kai sojoji biyu, abin dubawa na farko shi ne tazarar da ke tsakaninsu. In layi ɗaya ne ya raba su, yawanci canjaras ne. In layi uku ne ko fiye, galibi mai rinjaye ke ci, domin sarki zai tsare guda, bishop ya tsare ɗayan, ba mai iya kai wa wani ɗauki. Tazarar layi biyu kuwa sai an yi lissafi dalla-dalla. Sojoji biyu maƙwabta sukan yi nasara idan sun kai jeri na shida, amma kafin nan ana iya dakatar da su.

Akwai kuma tarkon sojan gefen allo: idan bishop ɗin mai rinjaye ba ya bin launin kusurwar da sojan zai zama sarauniya, sarkin mai karewa na shiga kusurwar nan, magana ta ƙare.

Wasan da Veselin Topalov ya yi da Alexei Shirov a gasar Linares ta ƙasar Sifaniya a 1998 ya nuna cewa lokaci na iya fin yawan dakaru daraja. Shirov na da sojoji huɗu, Topalov biyu, amma da alama Topalov zai iya toshe hanya. A motsi na 47 sai Shirov ya kai bishop ɗinsa gidan h3, inda soja zai cinye shi a banza. Motsin da Topalov ya ɓata wajen cin bishop ɗin shi ya ba sarkin Shirov damar riga shi isa tsakiyar allo, ya mara wa sojojinsa na layin a da na d baya. Bayan motsi na 53 Topalov ya miƙa wuya.

Don haka kafin ɗan wasa ya amince da tayin canjaras, ko ya yi musayar dakarun da za ta kai shi wannan matsayi, sai ya tambayi kansa: shin sarki da bishop ɗin mai karewa za su iya tsare dukkan sojojin daga wuri guda, kuma za su isa wurin a kan lokaci?