Allon Osun da Allon Edo

A shekarar 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola a Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutar hannu da ta sa wa suna Opon Imo, wato allon ilimi da Yarabanci. Sunan ba zai yi wa Bahaushen da ya taso da allo da tawada baƙo ba. An zuba mata littattafan karatu da dubban tambayoyin jarrabawar baya, ba ta kuma buƙatar intanet. Burin da aka sa gaba shi ne guda 150,000.

Dalilan a fili suke. Littattafai sun yi wa iyaye tsada, ga jarrabawar JAMB da za ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da bai taɓa latsa na'ura ba kuwa sai hannunsa ya yi ta rawa a ɗakin jarrabawa. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a taron ƙaddamarwa: na'ura tana kyau a hoto. Horar da malami fa? Wa zai ɗauki hotonsa ya manna a kan titi?

Sai farashin ɗanyen mai ya faɗi daga tsakiyar 2014, kason jihohi ya ragu, har ma'aikata suka kai ga bin Osun bashin albashi na watanni. Rabon bai kai inda aka yi niyya ba. Na'ura kuwa ba littafi ba ce. Littafi ko ya yage, wa zai gadar wa ƙanensa. Ita batirinta mutuwa yake, gilashinta fashewa yake, in babu wuta a gida sai yaro ya kai ta rumfar mai cajin waya ya biya. Kuɗin saye shi ne ƙaramin nauyi, na riƙo ne ke karya wuya.

Ko da ta kai ga kowa, ba lallai ta yi abin da aka zata ba. A Peru an raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin komai a lissafi ko harshe ba. Suwidin, mai wuta da kuɗi, ta ja birki kan na'urori a makarantu a 2023 ta koma sayen littafin takarda.

Edo ta bi wata hanya. A shirin EdoBEST da gwamnatin Godwin Obaseki ta ƙaddamar a 2018 tare da kamfanin Bridge, malami ne ke riƙe da na'urar, yara na nan da littafi da fensir. Ka leƙa aji da safe: malama na tsaye, allon a hannun hagu, alli a dama. An rubuta mata darasin daki-daki, abin da za ta ce, inda za ta tsaya ta yi tambaya, mintunan da za ta ba yara su rubuta. Na'urar kuma tana shaida lokacin da ta iso da inda ta tsaya a darasin. A ganina nan ne ƙarfin abin yake, domin malamin da ya saba sa hannu ya wuce kasuwa yanzu akwai mai gani. Binciken masanin tattalin arziki Michael Kremer a makarantun Bridge na Kenya, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa cikin shekara biyu yaran firamare sun tsere wa takwarorinsu da karatun kusan shekara guda. Legas da Kwara sun kwaikwayi Edo.

Amma tsarin na da nasa ciwon. Malamin kirki, mai karanta fuskar yaro ya gane an bar shi a baya, sai ya ji an mayar da shi aku. In ya tsaya ya maimaita, agogon na'ura na tafiya. Jihar Arewa da ke sha'awar shirin kuma za ta tarar da wata matsalar: darasin da aka rubuta da Turanci, a ajin da yara suka haura ɗari a kan tabarma, babu mai jin komai sai Hausa. Malamin zai karanta abin da ke kan allon, na'ura ta rubuta cewa an kammala darasi, sannan ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "To yara, ku saurara in yi muku bayani."