Me Ya Sa Zane Yake Ɓacewa A Takardar Kwamfuta?

A yau, yawancin takardun ƙungiyar manoma da na cinikin gona a shagon kwamfuta ake buga su. Sau da yawa akan sa zane a ciki, kamar tambarin ƙungiya ko taswirar gona. To, wani lokaci sai a buɗe takarda a tarar rubutu yana nan, zane kuwa babu. Wannan ba abin wasa ba ne. Takardar gona da ba ta nuna iyaka ba takan jawo rigima tsakanin maƙwabta.

Galibi zanen bai goge ba, ɓuya ya yi. Microsoft Word, wadda shaguna da yawa suke aiki da ita, tana da hanyoyi dabam-dabam na nuna takarda. Akwai wadda ake kira Draft, ita rubutu ta fi nunawa. Idan mai bugawa ya koma Print Layout, sai zanen ya bayyana.

Wani lokaci kuma zane yana nan a fuskar kwamfuta, amma ya ƙi fita a kan takarda. A cikin saitin Word akwai wani ɗan akwati mai ba da izinin buga zane. In ba a yi masa alama ba, na'urar bugawa tsallake zanen take yi. In kuwa ɗan siririn yanki na hoton kawai ake gani, an ƙayyade tazarar layuka ne. A saki tazarar, hoton zai fito duka.

Akwai wadda ta fi waɗannan wahala. Wani mai bugawa ba ya saka hoton cikin takardar. Nuni kawai yake yi zuwa inda hoton yake ajiye a kwamfutarsa. Kamar mutum ne ya aika wasiƙa ya ce goro yana ɗakinsa, amma bai haɗa da goron ba. A shagonsa komai lafiya lau. Da an kai takardar wata kwamfuta, sai a ga akwati fanko, wani lokaci da ɗan jan gicciye. Wannan kam sai an koma shagon farko an saka hoton sosai.

Tsufan kwamfuta ma yana da nasa. A shekarar 2007 Word ta sake salon ajiye takardu, shi ya sa tsohuwa takan hargitsa zanen da aka yi da sabuwa. Waya ma takan yi haka.

Saboda haka, kafin mai takarda ya biya kuɗi, ya ce a buga masa guda ɗaya ya duba da idonsa. In za a tura wa wani ta WhatsApp, ya nemi a mayar da ita PDF, domin a nan zane ba ya gocewa daga wurinsa. Zanen asali na hannu kuwa, wanda mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, kada a bar shi a shago. A karɓo shi, a adana a gida.