Mai Gidan Haya da Dokar Ƙasa

Yawancin gidajen hayar da ke biranen Nijeriya ba na manyan kamfanoni ba ne. Na masu ƙaramin ƙarfi ne: ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina ɗakuna shida, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida da marayu, ko ɗan kasuwar da ya fitar da shaguna biyu a jikin katangarsa. A wurin irin waɗannan mutane kuɗin haya shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar yara. In ɗan haya ɗaya ya daina biya, nan da nan tukunya za ta shaida. Shi ya sa rai ke saurin ɓaci, har mai gida ya aikata abin da zai jawo masa hasarar da ta fi bashin da yake bi.

Abin da ya wajaba kowane mai gida ya gane shi ne, daga ranar da ya karɓi kuɗi ya miƙa mabuɗi, ɗakin nan ya fita hannunsa zuwa wani lokaci. Gidan nasa ne, amma zaman na ɗan haya ne. Doka tana tsare zaman nan, ko da ɗan hayar ya saɓa alkawari, har sai kotu ta ce ya tashi.

Ranar shiga

Rigimar da kan ɓarke ranar tashi, galibi tun ranar shiga aka shuka ta. Mutane da yawa suna ba da haya da fatar baki, musamman in ɗan'uwa ko abokin aiki ne ya kawo mai neman ɗakin, suna ganin neman sa hannu kamar rashin yarda ne. Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Yarjejeniyar baki tana da ƙarfi a doka, sai dai tabbatar da ita gaban alƙali shi ne aiki.

Takardar yarjejeniya ba sai ta yi tsawo ba. Ta faɗi sunayen mutanen biyu, da ɗakin da aka ba da, da yawan kuɗin, da ko na wata ne ko na shekara, da ranar da haya ta fara. Ta bayyana wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da wanda zai biya kwasar masai, da yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa in mita ɗaya ce. Ta hana ɗan haya saka wani a ɗakin ba da izni ba. In an karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rubuta shi daban. Hayar da ta wuce shekara 3 kuwa tana bukatar lauya ya tsara ta, a kuma yi mata rajista.

Kowane biya a ba da rasit mai kwanan wata, wanda ya nuna watannin da kuɗin ya ɗauka, mai gida ya riƙe kwafi. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta sa tarar N100,000 a kan mai gidan da ya ƙi ba da rasit. Har ila yau ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara 1 gaba ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware wasu unguwanni kamar Ikoyi da Apapa. Kowace jiha tana da tata dokar, saboda haka lalle ne mutum ya nemi sanin ta jihar da gidansa yake.

Hanyar karɓar gida

In mai gida yana son ɗakinsa, mataki na farko shi ne rubutaccen notis na tashi. Idan yarjejeniya ta faɗi tsawonsa, shi za a bi. In ba ta faɗa ba, sai a koma ga doka. A Babban Birnin Tarayya, Abuja, mai biyan mako-mako yana da mako 1, mai biyan wata-wata yana da wata 1, mai biyan wata uku-uku yana da wata 3, mai biyan shekara kuwa wata 6. Jihohi da yawa haka tsarinsu yake, ko kusa da haka. A nan ne ake ganin amfanin takarda: mai gidan da ya rubuta gajeren wa'adi tun farko, ɗan haya kuma ya sa hannu, ya rage wa kansa jira mai tsawo.

In wa'adin ya cika ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi notis na biyu, na kwana 7, mai sanar da shi cewa mai gida zai kai ƙara don karɓar gidansa. Bayan nan sai kotu. Idan haya ce mai ƙayyadadden lokaci, watau wadda aka rubuta ranar ƙarewarta, notis na kwana 7 kaɗai ake bukata da zarar ranar ta wuce.

Ƙidayar kwanaki ba abin wasa ba ce. Kotuna sun sha watsar da ƙara saboda notis ya gaza da kwana ɗaya tak, ko saboda dillali ko lauya ne ya rubuta shi ba tare da rubutaccen izni daga mai gida ba. Sai a koma a faro daga tushe, ɗan haya kuwa yana zaune. A ajiye shaidar cewa takardar ta isa hannunsa. Ba a nan kuɗin mai gida ke ɓata ba, domin yana iya roƙon kotu ta sa a biya shi tsohon bashi, da kuma kuɗin duk lokacin da aka ci gaba da zama bayan ƙarewar haya. In hukunci ya fito, ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum, ba mai gida ba.

Abin da doka ta hana

Cire ƙofa, ko kwaye kwano, ko yanke wuta da ruwa, ko canza kwaɗo, ko watsa kaya waje, ko ɗauko 'yan daba, duk laifi ne. Wanda ya yi haka ya mai da kansa wanda ake ƙara, alhali shi ne mai bin bashi, kuma kotu tana iya sa shi biyan diyya. Dokar Legas ta 2011 ta tanadi tarar da ta kai N250,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6 saboda fitar da ɗan haya da ƙarfi.

Wannan hani bai bar kowa ba, har hukuma. A 1985 Gwamnatin Jihar Legas ta tura 'yan sanda da makamai suka fitar da Cif Emeka Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive, Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan aiki, ta ƙi biya wa gwamnatin bukatar da ta kawo. In gwamna ba shi da ikon yanke wa kansa hukunci, ina ga mai ɗakuna shida?

Kai ƙarar bashin haya ofishin 'yan sanda ma ɓata lokaci ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sulhu a gaban mai unguwa ko dattawa ya fi sauri, kuma sau da yawa ya fi riba, domin yafe bashin wata biyu a karɓi mabuɗi ya fi shekara guda ana zaryar kotu. Sai dai a rubuta abin da aka daidaita a kai.

Fili da haraji

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mai gida ke riƙe da shi izni ne na zama, galibi na shekara 99, saboda haka ya adana satifiket ɗinsa, ya riƙa biyan kuɗin ƙasa. Sayar da gida ko jinginar da shi a banki yana bukatar yardar gwamna.

Kuɗin haya kuma yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji. Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, har zuwa N500,000, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Ma'aikata za su riƙa neman rasit domin wannan rangwame, kuma adadin da suka bayyana zai isa ofishin haraji. Ya kamata abin da ke cikin littafin mai gida ya dace da shi.