Takin da Ke Tafiya da Gungume

'Yan'uwana ɗalibai, kun san bishiya rumbu ce? Saiwoyinta suna zuƙo sinadarai daga ƙasa, irin su kalsiyam da fotashiyam, ta adana su a ganye da ɓawo da cikin itacenta. Idan ganye ya zube ya ruɓe, sinadaran sun koma ƙasa. Amma idan aka sare madaci aka loda gungumen a mota, abin da ya tara shekara da shekaru ya tafi ke nan. Tokar murhu shaida ce: ragowar sinadaran itace ce, shi ya sa manoma ke zuba ta a gona. Ɓawo ya fi katako kalsiyam. Don haka masu sara su riƙa barin ɓawo da rassa a daji, mu kuma mu dage da dashe.