Aikin Jirgin Ruwa a Najeriya: Makaranta Ta Samu, Jirgi Ya Yi Wuya

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku ake dakonsu, kuma kowane jirgi sai da mutane: kyaftin, hafsoshin tuƙi, injiniyoyi, masu girki da sauran ma'aikata. A 'yan shekarun nan matasan Najeriya sun ƙara karkata ga wannan sana'a. Sai dai yawan masu shiga makaranta ya zarce yawan masu taka jirgi nesa ba kusa ba.

Me ya jawo karkatar?

Na farko kuɗi ne. Kamfanonin jiragen ƙetare da dala suke biyan albashi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Ga matashin da ya gama karatu ya rasa aiki, lissafin a bayyane yake, balle ma a jirgi ci da kwana duk a wuyan kamfani suke.

Na biyu, duniya na fama da ƙarancin hafsoshi. Rahoton da ƙungiyoyin masu jiragen ruwa na duniya, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan jiragen ruwa miliyan 1.89, tare da giɓin hafsoshi sama da 26,000. Ƙasar Filifin ta daɗe da gano wannan kasuwa, tana tura 'ya'yanta suna aiko da kuɗi gida.

Na uku, gwamnati ta sa hannu. A 2008 hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, NIMASA, ta ƙaddamar da shirin NSDP, ta riƙa tura matasa karatun aikin jirgi a ƙasashe irin su Indiya, Masar da Filifin. Ga kuma makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron a Jihar Akwa Ibom da ke horar da ɗalibai tun ƙarshen shekarun 1970, da jami'ar Okerenkoko a Jihar Delta.

Inda gizo ke saƙa

Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka yi wa garambawul a Manila a 2010, ita ce dokar wannan sana'a. Ta ce ɗalibin tuƙi ba zai samu takardar zama hafsa ba sai ya yi aƙalla wata 12 a teku ƙarƙashin tsarin horo da aka amince da shi. Akwai littafin horo da yake ɗauke da shi, duk aikin da ya iya, daga ɗaure igiya a tasha har karanta taswira da tsaron dare, wani hafsa ne zai sa masa hannu. Ba jirgi, ba sa hannu. Ba sa hannu, ba jarrabawa.

A da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959, shi ke ɗaukar ɗalibai. Da aka rushe shi a 1995, ƙofar ta rufe, ba a buɗe wata kamarta ba. Wata doka ta 2003 ta keɓe zirga-zirgar gaɓar ƙasa ga jirage da ma'aikata 'yan Najeriya, amma ta bar damar sassauci idan babu ɗan ƙasa da ya cancanta, kuma ta wannan kafa baƙi suka ci gaba da riƙe manyan guraben.

Abin da hakan ya haifar

Ɗalibai da yawa suna gama karatu su zauna shekaru suna jiran gurbi, takardun horon tsaro masu wa'adin shekara biyar na ƙarewa a hannunsu, sai sun sake biya. Wannan jira ne ya buɗe wa dillalan bogi kasuwa: a karɓi kuɗin matashi da alkawarin jirgi, a ɓace. Alhali yarjejeniyar MLC ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa ta hana a caji ma'aikacin jirgi kuɗin samar masa aiki.

Wanda ya dace da samun jirgi kuwa, rayuwarsa kan sauya, amma da tsada. Hafsa kan yi tsaron awa huɗu ya huta takwas, dare da rana, babu Juma'a babu Lahadi, wata shida ko tara bai ga iyalinsa ba. Injiniya na fama da zafi da ƙarar ɗakin inji. A 2020 annobar korona ta sa ma'aikata kimanin 400,000 sun maƙale a teku bayan kwantiraginsu ya ƙare. Fashin teku a mashigin Gini ya ragu sosai tun 2021, amma ba a daina tsoronsa ba.

Buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a 2023 da matatar Dangote sun ƙara yawan jiragen da ke shigowa. Amfanin hakan ga matasa ya dogara ne ga ko hukuma za ta tilasta wa masu jiragen su ware wa ɗalibai gurbi. Kafin nan, duk mai shirin biyan kuɗin makaranta ya fara tambaya: wane kamfani ne zai ɗauke ni wata 12 ɗin nan, kuma an rubuta a takarda?