KU TAMBAYI MASU NEMA KAFIN KU SAYI SABON LITTAFI



A Littafin Ezra sura 5 da 6 akwai labarin wata takarda da aka nema. Yahudawa suna sake gina Haikali a Urushalima, sai mai mulkin lardin ya tambaye su wa ya ba su izini. Suka ce Sarki Sairus ne. Aka aika wa Sarki Dariyus, shi kuwa ya sa a bincika ɗakin ajiyar takardu a Babila. A ƙarshe, a wani birni na ƙasar Mediya aka same ta. Da ta ɓace, wa zai gaskata maginan?

Haka yake a ƙungiyoyinmu na gama kai. Gwauruwa ta zo ta ce mijinta ya gama biyan rancen taki kafin ya rasu. Magatakarda ya buɗe littafi uku, ya zazzage jakar rasit, rana ta faɗi bai ga kome ba. An rubuta abin, amma ba a iya samunsa. Daga nan zargi yake farawa, zargi kuwa yana kashe ƙungiya da sauri fiye da fari.

In haka ta faru, sai wani ya ce a sayi babban littafi, wani ya ce kabad, saurayi ya ce a zuba kome a waya ko kwamfuta. Ku dakata tukuna. Ku dubi kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Mai neman akuya ya san hanyar kara, mai neman dawa ya san layin 'yan hatsi. An jera kasuwa bisa ga abin da masu saye suke zuwa nema. Haka ya kamata a jera takardun ƙungiya. Don haka aikin fari shi ne a san abin da mutane suke nema, da yadda suke nemansa.

1. KU BUƊE LITTAFIN TAMBAYOYI

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk wanda ya zo neman wani abu, magatakarda ya rubuta abu huɗu: wa ya zo, me ya tambaya, an samu ko ba a samu ba, kuma tsawon wane lokaci aka ɗauka. A rubuta tambayar yadda ta fito daga bakin mai ita, kada a gyara ta. Ku yi haka daga rabon taki har ƙarshen kaka, gama tambayoyin damina dabam suke da na lokacin biyan rance.

2. KU JE WURIN MUTANE KASHI KASHI

A babban taro, masu baki kaɗai suke magana. Ku zaɓi mutum biyu ko uku su bi mutane. Su zauna da ma'aji, da mai riƙe da mabuɗin sito, da tsofaffin membobi, da sababbi. Su nemi zumuntar mata ta zauna ita kaɗai, mace ta yi tambayar. Kada su manta da masu noman albasa da shinkafa a fadama, waɗanda shekararsu ta aiki ba ɗaya take da ta masu tudu ba. Su tuna kuma da na waje: malamin gona, jami'in gama kai mai duba lissafi, da mutanen banki.

Yadda ake tambaya yana da muhimmanci ƙwarai. In ka ce wa mutum, "Me kake so?" zai ce, "Duk abin da kuka yi daidai ne." Gara ka ce, "Baba, yaushe ne ka zo neman wani abu wurin magatakarda na ƙarshe? Me ka nema? Da ba ka samu ba, me ka yi?" Ko kuwa, "Inna, wace asara kika yi saboda jinkirin?" Mutum ba ya manta ranar da ya sha wuya.

3. KU KASA KUNNE GA KALMOMINSU

A nan ne yawancin littattafai suke faɗuwa. Magatakarda ya jera kome bisa ga kwanan wata, amma manomi ba ya zuwa da kwanan wata. Cewa yake, "Bayan yankan gero ne," ko "Shekarar da aka rufe kasuwanni," ko "Makon da aka yi bikin 'yata."

Sunaye ma haka. A ƙungiya ɗaya za a sami Musa uku da Maryamu huɗu. Mutum ɗaya an rubuta shi Audu a wannan shafi, Abdu a wancan, a ƙauye kuwa Ɗanjuma kowa yake kiransa. Mace tana da sunan yanka, da sunan rana kamar Ladi ko Talatu, ga kuma sunan miji. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2012, da gwamnatin tarayya ta fara rabon taki mai rahusa ta hanyar saƙon waya, rajistar suna da lambar waya ita ce shaidar manomi. In abin da aka rubuta ya saɓa, wahala ta same shi.

Ku lura da sunayen amfanin gona da na awo. A ƙasarmu wani yakan ce hatsi yana nufin gero, wani ya ce kaɗa, wani auduga. Wani da tiya yake lissafi, wani da buhu, wani da dami. Ku tara waɗannan kalmomi duka a shafi ɗaya, ku amince a kan wadda za a riƙa rubutawa, sauran kuma a sa su a gefenta don mai nema ya gane.

4. KU TAMBAYI WA YA KAMATA YA GA ME

Ba kowace takarda ce ta idon kowa ba. Bashin mutum sirrinsa ne. Kuma dukanmu mun san halin da ƙauyukan Zurmi, Shinkafi da Kaura Namoda suka shiga saboda 'yan bindiga. Takardar da ta nuna wa yake da buhu nawa a rumbu, ko wa ya karɓi kuɗi mai yawa, tana iya jawo wa mutum masifa in ta faɗa mugun hannu. Ku tambayi kowane memba abin da ya yarda a gani, da abin da bai yarda ba. Jimillar kuɗin ƙungiya a karanta wa kowa. Lissafin mutum ɗaya kuwa, shi da ma'aji da magatakarda kaɗai.

5. KU AUNA HALIN DA KUKE CIKI

Mutum nawa ne a cikinku suka iya karatun boko? Nawa ne suke da waya mai shiga intanet? Ina ake cajin ta? A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara makonni da yawa, an kuma dakatar da kasuwannin mako. Ƙungiyar da lissafinta yake a intanet kaɗai, a irin wannan lokaci ta makance. Littafi ma yana da nasa haɗari: gara, ruwa, gobara, da gudun dare. Wasu membobi kuma sun bar ƙauyukansu sun koma cikin gari ko Gusau, amma har yanzu suna da haƙƙi a ƙungiya. Ta yaya za su san lissafinsu? Ku yi wannan tambaya tun da wuri. Kowace hanya kuka zaɓa, a sami kwafi na biyu a wani wuri dabam.

6. KU KASA BUKATUN KASHI UKU

In an gama tattarawa, a kira taro a karanta bukatun. Ba duka za a iya biya a shekara ɗaya ba. A zana da'ira a ƙasa don kowace bukata, a ba kowane memba ƙwayar wake biyar ya zuba inda ya fi damunsa. Ta haka wanda bai iya karatu ba da mai jin kunyar magana duk sun faɗi ra'ayinsu. Sa'an nan a kasa uku: na dole, na in da hali, da na baɗi.

7. KU GWADA KAFIN KU KASHE KUƊI

Ku ɗauki tambayoyi goma daga littafin tambayoyi. Ku jera takardun mutum ashirin bisa ga sabon tsarin, ku ba wani wanda ba magatakarda ba ya nemo amsa. In ya samo kowace kafin a gama rera waƙa ɗaya, tsarin ya yi. In ya kasa, ku gyara tun abin yana ƙarami. Tun ran gini ran zane.

Wataƙila abin da zai fito ba shi da tsada. Kowane memba ya sami lamba da ba ta sakewa, da kati ɗaya mai ɗauke da dukan sunayensa da ƙauyensa, a jera katunan ƙauye ƙauye, a riƙa rubuta lambar a bisa kowane rasit. Babbar ƙungiya mai rassa da yawa tana iya bukatar kwamfuta. In haka ne, ku miƙa wa mai shirya ta tambayoyinku goma, ku ce sai ta amsa su za ku biya.

Kuɗin da ke hannun ƙungiya gumin 'yan'uwa ne, mu kuwa masu riƙon amana ne a gaban Allah da mutane. Amanar ba ta cika ba sai ranar da gwauruwar nan ta zo, aka buɗe kati aka nuna mata gaskiyarta nan take.

DON TATTAUNAWA A TARONKU NA GABA

Wace takarda ce kuka nema bana ba ku samu ba, me kuma ya biyo baya?

In magatakardanku ya yi tafiya gobe, wa zai iya samo lissafin memba?

Su wa za ku aika su bi mutane, yaushe kuma za su kawo rahoto?

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.